Masu Cewa Ya Isa

Husaina mai ɗinki ba ta iya fushi a ɓoye ba. Duk unguwarsu a Azare an san haka, domin in ranta ya ɓaci keken ɗinkinta ne ke fara kai ƙara, sai ka jiyo shi tun daga bakin titi. A makon da 'yarta ta fari ta haihu keken bai huta ba, alhali babu kayan kowa a ƙarƙashin allurar. Wani tsohon ƙyalle ne kawai take bi tana dawowa, har ya yi tauri kamar fata.

Abin da ke cin ta kuwa ba ɓoyayye ba ne. An haifa mata jika namiji, yana kwance a cikin gidanta, a ɗakin da ita ta share ta shimfiɗa wa sabuwar leda, amma har yanzu ba a bar ta ta ɗauke shi ba.

Shekarun baya mota ta kife da su a hanyar Misau, dab da Hardawa. Kanta ya bugu, aka ɗinke, gashi ya fito ya rufe tabon, kowa ya yi mata barka. Sai da aka kusa shekara sannan ta fara faɗuwa. Likita ya ce farfaɗiya ce, ya ɗora ta a kan magani, kuma in tana sha a kan kari takan yi watanni lafiya lau. Amma mutane ba sa lissafa watannin lafiya. Abin da suka riƙe shi ne wanda ya taɓa yawun mai farfaɗiya ya ɗauka, don haka masu kawo ɗinki suka ragu, waɗanda suka rage kuma suka koyi miƙo atamfa daga bakin ƙofa.

Duk wannan ta shanye. Na jikan ne ya ƙi shanyuwa, kuma da dalili. Dangin Husaina Fulanin wajen Disina ne da suka daɗe da zama gari, shanu sun tafi amma fulako, kunyar nan ta Fulani, bai tafi ba. A gidansu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane. Ranar da aka yaye 'yarta ta fari, Khaulat, Goggo, ƙanwar mahaifin Husaina, ta goya ta ta tafi da ita Katagum, can ta girma, can ta yi karatu, can aka ɗaura mata aure da Sha'aban. Husaina ba ta taɓa furta sunanta ba, sai dai ta ce "'yar Goggo" ko "yarinyar nan". Ita ma Khaulat Adda take ce mata, kamar yadda ta ji ƙannen uwar suna faɗa. Ko a unguwa Maman Uzairu ake kiran Husaina, da sunan ɗanta na biyu. Duk son da ta danne na tsawon shekarun nan, jika ta ajiye wa shi, domin jika ne kaɗai al'ada ta yarda ka rungume a tsakiyar taro ka yi masa duk shirmen da ka ga dama.

Goggo ta rasu bara, shi ya sa da ciki ya tsufa aka kawo Khaulat gidan uwarta ta haihu. Washegarin haihuwar sai ga uwar mijin, Hajiya Gumsu, ta sauka daga motar Katagum da buhun gero da kanwa da tabarmar sallarta. Ta ce ta zo ta taya wankan jego, tunda Maman Uzairu ba ta jin ƙarfi. Mace ce mai tsafta da iya magana, ba ta taɓa ɗaga murya. Kafin la'asar ta karɓe damun kunun kanwa, ta karɓe tukunyar ruwan wanka, ta shimfiɗa tabarmarta a bakin ƙofar mai jego. Riguna da 'yar hular da Husaina ta ɗinka wa jaririn tun ciki na wata biyar, ta yaba su sosai, sannan ta sa su a can ƙasan akwati. Da yamma kuma Husaina ta je shan ruwa ta tarar da wani kofin silba a rataye gefen randa, an ɗaura masa jan zare a mariƙi.

"Don kada a riƙa haɗa miki da na yara ne," in ji Hajiya Gumsu, tana murmushi.

A gidan Husaina babu yara. Autarta ma tana makarantar kwana.

Da a nan abin ya tsaya, da wataƙila ta yi ta taka kekenta har a yi suna a watse. To hidimar haihuwa ta hana ta barci, ta kuma mantar da ita magani, ga baƙin ciki a kai. Ana tsakiyar makon, da rana tsaka, tana shanya a igiya sai ta ji warin nan da ta sani, kamar ana ƙona roba. Ta nemi ta zauna ba ta kai ba.

Da ta farfaɗo tana kwance a ƙasa, yashi a bakinta, harshenta na zafi. Matan da suka zo barka duk sun manne da katanga, kowace ta toshe hanci da mayafi. Laraba maƙwabciyarta, wadda suka shekara ashirin suna aron gishiri a hannun juna, tana tsaye daga nesa tana watsa toka a inda yawun ya zuba. Husaina ta juya kai wajen ɗakin mai jego. Labulen ya ɗan ɗage, ta ga ido biyu jajaye suna kallonta, sai wani hannu mai zobba ya ja labulen ya rufe. Ta tashi da kanta, ta kakkaɓe zaninta da kanta. Kunya ta ji, mai tsanani, amma kafin ta kai ƙofar ɗakinta kunyar ta riga ta koma fushi.

Washegari da hantsi ƙanwarta Mas'uda ta zo. Ita ce autar ɗakinsu, siririya mai tabarau, tana koyar da ɗaliban likitanci yadda jikin mutum ke aiki. Ta yi shekaru a ƙasar waje tana bincike a kan ƙwaƙwalwa, kuma tunda dangi suka ji cewa da ɓeraye ake binciken, ba wanda ya ƙara tambayarta komai. Ta ajiye jakar kwamfutarta a kan gado, ta ɗauki kwalin maganin ta duba, ta dubi yayarta.

"Adda, kin tsallake."

"Na tsallake. Sai ki kai ni ƙara."

"Ba ki barci kuma."

"Ke da an kafa miki sansani a tsakar gidanki, barci za ki yi?" Husaina ta ture keken da gwiwa ta juyo. "Zauna, Likitar ɓeraye. Yau ina da tambaya. Malamai sun ce iska ce, Hajiya ta ce abin yana bin yawu, likitan asibiti ya rubuta magani bai ko ɗago kai ba. Ke da aka ce kin leƙa cikin kai kin gani, gaya mini abin da ke cikin nawa. In ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba, in san karatun naki na banza ne."

Mas'uda ta gyara tabarau. Sannan ta zuge jakar ta fito da kwamfutar ta ɗora a kan teburin keken.

"Ba zan gaya miki ba, ji za ki yi da kunnenki," ta ce. "Saman ƙwaƙwalwa akwai wata shimfiɗa mai lanƙwashe-lanƙwashe, muna ce mata ɓawo. Cike take da ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, kuma duk abin da kike yi, daga zura zare a allura har tuna fatiha, su ne suke aika wa juna saƙo. Da ɗan tartsatsin lantarki suke maganar. Aikina a can shi ne in ɗauki allurar gilashi wadda bakinta ya fi silin gashi siranta, in taɓa ƙwaya ɗaya tak, in ba ta lantarki kaɗan, in haɗa da lasifika. Duk tartsatsin da ta yi sai a ji ƙara."

"Ƙwayar kan ɓera."

"Ta ɓera. Amma irinsu ne a kanki da kaina. Saurara."

Ta danna. Lasifikar ta yi tak-tak-tak da sauri, sannan tazarar ta fara buɗewa, tak, tak, can kuma tak, a hankali amma ba ta tsaya ba.

Husaina ta karkata kai. "Wannan ai Laraba ce a bakin turmi. Ta fara da zafi kamar za ta fasa shi, kafin a jima tana neman wanda zai karɓe ta."

Mas'uda ta yi dariya. "Irin wannan su suka fi yawa. Manya ne, su ke kai saƙo nesa. Ga wata kuma. Lantarkin da na ba ta daidai yake da na farkon, amma ji yadda ta amsa."

Wannan karon ƙarar a dunƙule ta zo, trrt, sai shiru, trrt, sai shiru, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana tsayawa ya ji ko an amsa.

"Ita ma mai kai saƙo ce, sai dai a tare take zubo nata. Su biyun nan, Adda, kowace zuga ta kusa da ita take yi. Tashi, motsa, faɗa wa na gaba. Da su kaɗai ne a kai, da ɗaya ta fara sai duka su ɗauka."

"To me ke hana su?"

Mas'uda ta danna na uku. Abin da ya fito bai yi kama da na baya ba ko kaɗan. Siririyar ƙara ce mai tsananin sauri, babu tazara, babu raguwa, tun daga farko har ƙarshe gudu ɗaya. Husaina ta dubi kekenta ba ta sani ba.

"Waɗannan ba su da yawa, kuma ƙanana ne," in ji Mas'uda. "Tartsatsinsu gajere ne, shi ya sa suke iya jera shi haka, kuma ba sa saurin gajiya. Ba sa kai saƙo nesa. Suna nan kusa da manyan, sun kewaye su, kuma maganarsu ɗaya ce: ya isa. Duk sanda babba ta zabura, ƙarama na gefenta tana cewa ya isa."

"Sake kunnawa."

Ta sake. Husaina ta saurara har ya ƙare, hannunta a kan inda tabon yake a ƙarƙashin ɗankwali.

"Ban sa allura a kanki ba, don haka ba zan ce na gani ba," Mas'uda ta ci gaba. "Amma a dabbobin da suka samu irin rauninki, abin da ake yawan gani shi ne a gefen tabon waɗannan ƙananan sun ragu ko sun yi rauni. Yawancin lokaci waɗanda suka rage suna iya riƙewa. Ran da aka yi rashin barci, ko aka tsallake magani, sai manyan su fi ƙarfinsu, su fara zubowa a dunƙule gaba ɗaya, abin ya bazu. Shi ne faɗuwar. In sun gaji su lafa, ki farka. Maganin kuwa rage musu zaburar yake yi."

"To ta ina wannan zai bi ya shiga yawu?"

"Ba ya shiga. Tabo ne, Adda. Wa ya taɓa ɗaukar tabon wani don sun sha ruwa a moɗa ɗaya?"

Husaina ta ja dogon numfashi. Shekara da shekaru tana cewa ba ta yarda da zancen yawun nan ba, amma a can ƙasan ranta takan wanke cokalinta sau biyu in ba kowa. Yau ne karon farko da ta ji abin ya sauka daga ƙirjinta. Ta miƙe tsaye tana gyara ɗaurin zani.

"Shi ke nan. Bari in je in ɗauko mijina."

"Tsaya." Mas'uda ta riƙe mata hannu. "Ba a tsaye ba. Ba goyo, ba kusa da wuta, ba wajen ruwan wanka. A zaune a ƙasa, kuma da wani a gefenki wanda zai tare shi in abin ya zo."

Husaina ta fizge hannunta. "Ke ma? Na haifi biyar na raini huɗu, yau sai an sa mini mai gadi?"

"Jiya da yana hannunki a bakin igiyar nan fa?"

Gaskiyar maganar ta fi komai ƙona wa Husaina rai. Ta koma ta zauna ta juya wa ƙanwarta baya, ta taka keken da ƙarfi har zaren ya tsinke. Mas'uda ta ƙyale ta, ta san halin kayanta. Can Husaina ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Kan masu lafiya fa? Kan Hajiya Gumsu, misali. Shi ma sai da masu cewa ya isa?"

"Babu kan da ke aiki ba su. Ko na wa."

"Ashe." Ta lashi bakin zaren ta zura a allura. "To ran suna ki zo da wuri. Kuma kada ki sa wannan doguwar rigar taki mai santsi, a tabarma za ki yini."

Daga ranar ta riƙa shan maganinta a kan kari, tana kwanciya da wuri ko gidan zai kife. Kofin mai jan zare kuwa ta sauke shi ta cika da ruwa ta ajiye wa kaji a gindin ɗarbejiya, ta koma shan ruwanta a moɗar randa. Hajiya Gumsu ta gani, sai ta aika aka sayo ruwan leda aka jibge a ɗakin mai jego.

Ranar suna da sassafe maza suka taru a ƙofar gida aka raɗa wa yaro Abubakar Siddiƙ, aka yanka rago, wanzami ya yi aski. Bayan azahar gidan ya cika da mata, na Azare da na Katagum da 'yan uwa daga Disina. Aka fito da jaririn a naɗe cikin farin tawul, ya fara zagaya hannuwa. Wannan ta ce hancin uban ne, waccan ta ce goshin Goggo ne, Allah ya jiƙanta. Khaulat tana can cikin ɗaki a lulluɓe, kamar yadda ya kamaci mai haihuwar fari: ba ta kallon ɗan, ba ta amsa barka, ko nono sai an yi ta lallashi a bayan labule. Yaron ya bi layi har ya iso hannun Laraba, wadda ke kusa da Husaina. Laraba ta yi masa addu'a, ta miƙa hannu ta tsallake ta, ta ba ta gaba.

Husaina ta tashi ta shiga ɗakinta. Wasu suka ɗauka kuka za ta je yi. Sai ga ta ta fito da sabuwar tabarma, ta ratsa taron, ta shimfiɗa a tsakiyar tsakar gida inda ba wanda zai ce bai gan ta ba. Ta zauna ta miƙe ƙafa, ta ɗora matashi a cinya. Mas'uda ta zo ta zauna a gefenta na dama.

"Hajiya," in ji Husaina, muryarta a sarari, "a miƙo mini mijina. Tun da ya zo garin nan bai gaishe ni ba."

A lokacin yaron ya riga ya koma hannun Hajiya Gumsu. Ta gyara masa tawul a nitse.

"Maman Uzairu, ki bari a watse. Ba a yin irin wannan a gaban baƙi."

"A gaban baƙi aka tsallake ni, a gabansu za a ba ni." Ta dubi matan ɗaya bayan ɗaya. "Ku da kuke toshe hanci, ku saurara, yau ɗaya dai. Ba iska ba ce a kaina, ba kuma abin da ke bin yawu. Tabon motar Hardawa ne. A kan kowace ɗaya daga cikinku akwai masu zuga, akwai masu cewa ya isa. Nawa masu cewa ya isan sun ji ciwo, shi ke nan. Na ji muryarsu da kunnena."

"A ina?" wata daga baya ta tambaya.

"A kan ɓera."

Dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki. Mas'uda ta sunkuyar da kai. Husaina ba ta ko motsa ba, ta bari suka gama.

"Ku yi dariya. Ɓeran dai bai taɓa watsa mini toka ba."

Laraba ta dubi ƙasa. Dariyar ta mutu.

Hajiya Gumsu ce ta yi magana, kuma wannan karon babu murmushi. "Ni ban yi boko ba, ban san zancen ɓera ba. Abin da na gani da idona shi na sani. Ina yarinya a Katagum, matar wan babana mai irin wannan ciwon ta faɗi a bakin murhu da goyo a bayanta. Ita ta tashi. Yarinyar ba ta tashi ba. Ni na ɗebo ruwan da aka yi mata wanka. Ki ce na ƙi ki, ki ce na wulaƙanta ki a gidanki, na yarda. Amma ɗan Sha'aban ba zai bar hannuna ba."

Maganar ta daki Husaina, domin ba ta zaci akwai gawa a bayan jan zaren ba. Ta ji tausayin matar, ta kuma ji haushin tausayin.

"Allah ya jiƙanta," ta ce. "Shi ya sa kika gan ni a ƙasa, Hajiya. Babu murhu, babu goyo, ga mai tarewa a gefena. Tsoronki na wuta gaskiya ne, na karɓa. Na yawu ƙarya ne, ba zan karɓa ba. Kuma daga tabarmar nan ba inda za ni."

Hajiya Gumsu ta juya ta ce a fara rabon waina.

Aka raba waina, aka raba nama, aka kawo zoɓo. Mata suna ci suna satar kallon tsakiyar gida. Inuwar ɗarbejiya ta janye ta bar tabarmar a rana, gumi ya jiƙa wa Husaina ɗankwali, ba ta goge ba. Mas'uda ta raɗa mata cewa zafin nan ba shi da kyau gare ta, su matsa inuwa. Ta ce ko taku ɗaya. Hannuwanta na kan matashin, a buɗe. Tun tana jin idanun mutane a jikinta har ta daina ji, sai wani tsoro da ya fara shigarta: kada taron ya watse a bar ta a nan zaune, tsohuwar banza da matashi a cinya.

Sai labulen ɗakin mai jego ya ɗage.

Khaulat ta fito tana takawa a hankali, irin tafiyar wadda jikinta bai gama komawa ba. Mayafin ya zame daga fuskarta ba ta gyara ba. Surutu ya tsaya cak. Wata tsohuwa daga Disina ta ce, "Ke, koma ciki, ba kya jin kunya?" Ba ta ko waiwaya ba. Ta je gaban uwar mijinta ta durƙusa har ƙasa.

"Hajiya, ki gafarce ni."

Ta sa hannu biyu ta ɗauki ɗanta na fari a gaban surukarta da dangin uwarta da duk matan unguwa. Hajiya Gumsu ta buɗe baki, amma mamaki ya riga ya sassauta mata hannu. Khaulat ta miƙe da yaron a ƙirji ta nufi tabarmar.

"Yafendo, ɗan matsa," ta ce wa Mas'uda, ƙanwar uwarta. "Na ji abin da kika kunna ran nan, katangar ba ta da kauri. Ni zan zauna."

Mas'uda ta matsa. Khaulat ta zauna dab da uwarta har kafaɗunsu suka haɗu, ta ɗora yaron a kan matashin, ta zura hannunta ƙarƙashin kansa ta bar shi a nan. Husaina ta sa nata. Tafin hannunta ya sauka a kan yatsun 'yarta, kuma rabon da fatarsu ta haɗu tun ranar da Goggo ta goya ta.

Yaron ba shi da nauyi ko kaɗan. Ya yamutsa fuska, ya buɗe ido ɗaya. Husaina ta san in ta yi shiru kuka zai ƙwace mata a gaban Laraba, don haka ta buɗe baki.

"Kai ne mijin? Da wannan ƙwaryar kan? Ka zo ba goro ba cefane, ka kwana a gidana mako guda kana ɓuya a bayan mata. To na gan ka. Ban yaba ba, amma na karɓa."

Wata ta yi dariya, wata ta taya ta, wannan karon dariyar gida. Inuwa ta faɗo a kan tabarmar. Hajiya Gumsu ce ta zo ta tsaya a bayansu, fuskarta a ɗaure, ta ɗan sunkuyo, hannuwanta biyu a shirye. Ba ta ce ta yarda ba, ba ta kuma koma wurin zamanta ba.

Khaulat ta laluba cikin zaninta da ɗaya hannun ta fito da 'yar hular nan da aka binne a ƙasan akwati, ta ɗora wa yaron a kan sabon askinsa. Da hannu ɗaya ta sa, don haka hular ta karkace ta rufe masa ido. Husaina ba ta da hannun gyarawa, duka biyun suna riƙe da jikanta. Ta dubi hular, ta dubi fuskar da ke dab da tata, fuskar da ta shekara ashirin da wani abu tana kallo ta gefen ido.

"Khaulat," ta ce, "gyara masa hular."

Tsohuwar Disina ta yi salati. Khaulat ba ta ɗago ba. Ta gyara hular, ta sake gyarawa ko da yake ta riga ta zauna daidai, hawaye na ɗiga a kan farin tawul ɗin.

"Na gyara, Inna," ta ce.